Kada Mu Nome Hanya: Darasi Daga Hanyoyin Keke Na Ƙauyukan Faransa

A kudancin ƙasar Faransa akwai wani lardi mai duwatsu da ake kira Ardèche. A shekarar 1891 aka buɗe wata ƙaramar hanyar jirgin ƙasa a can, tana bin gefen kogin Eyrieux, tana sauko da mutane da katako da amfanin gona daga ƙauyukan tudu zuwa bakin babban kogin Rhône. Da motoci suka yawaita sai jirgin ya rasa ciniki, har aka rufe hanyar a 1968, aka kwashe ƙarafunan. Amma gadojin suna nan, ramukan da aka huda cikin duwatsu suna nan, shimfiɗar hanyar kuma ba a yanka ta an raba ba. Yau an share ta, an daɓe yawancinta da tsakuwa da yashi, ta zama hanyar keke mai tsawon kimanin kilomita 90, sunanta Dolce Via. In ban da 'yan wurare inda mazauna gefen hanya ke da izinin wucewa, mota ba ta hawa kanta. Yaro ɗan makaranta yana iya tuƙa kekensa daga wannan ƙauye zuwa wancan, uwarsa ba ta fargaba.

Wani zai ce, ina ruwan manomin dawa da yawon shan iskar Turawa? Na yarda kekenmu na aiki ne, shi ke kai buhu kasuwa, shi ke kai mai bishara ƙauye. Amma jama'a, a bayan wannan labari na keke akwai labarin ƙasa da iyaka, wanda ya shafe mu ƙwarai. A taƙaice ga ra'ayina: hanyar jama'a dukiya ce irin rijiya. Wadda mutanen Faransa suka riƙe ta dawo musu da amfani bayan shekaru masu yawa, wadda suka nome ko suka sayar kuwa har yanzu suna wahalar neman ta.

INDA AKA SAMO WAƊANNAN HANYOYI

Mafarinsu uku ne. Na farko, tsofaffin hanyoyin jirgin ƙasa. A 1879 gwamnatin Faransa ta ƙudura cewa sai jirgi ya kusanci kowane lungu na ƙasar, aka yi ta shimfiɗa dogo, har wajen 1930 suna da sama da kilomita 60,000 idan an haɗa da ƙananan hanyoyin larduna. Yau abin da jirgi ke bi bai kai kilomita 30,000 ba. Watau dubban kilomita sun zama kufai. Hanyar jirgi kuwa tana da kyau ga mai keke, gama jirgi ba ya iya hawan tudu mai tsini, saboda haka magina sun sassabe tuddai sun cike kwaruruka, hawan ya zama a hankali. Tsoho ma yana iya bi ba tare da ya sauka ya tura ba.

Hukumar lardin Saône-et-Loire ce ta fara nuna hanya. Ta karɓi tsohon dogon da ke tsakanin Givry da Cluny, kimanin kilomita 44, ta gyara shi, ta buɗe shi ga masu keke da masu tafiya a ƙasa a 1997. Ita wannan kwalta aka zuba mata. Tana ratsa gonakin inabi da makiyayar shanu, tana wucewa kusa da ƙauyen Taizé, inda Ɗan'uwa Roger ya sauka a 1940 ya kafa zumuntar addu'a wadda matasa daga ekklesiyoyi dabam dabam ke ziyarta har yau. Gaba da Cluny hanyar tana shiga wani ramin jirgi mai tsawon kilomita 1.6, kuma akan rufe shi duk lokacin sanyi domin jemagun da ke kwana a ciki. Da aka ga abin ya karɓu, sai gwamnatin ƙasa ta zana tsarin hanyoyin keke na ƙasa duka a 1998. A 2004 kuma aka sa irin wannan hanya cikin dokar hanya da sunan “koriyar hanya”, watau wadda aka keɓe wa masu ƙafa da masu keke da mahaya dawaki.

Mafari na biyu shi ne gefen koramun da aka haƙa da hannu domin jiragen ruwa na kaya. A lardin Bretagne akwai wadda ta tashi daga Nantes zuwa Brest, kimanin kilomita 360, an gama ta a 1842. Dawaki ne ke jan jiragen da igiya, suna tafiya a wata siririyar hanya a bakin ruwa. Da aka gina madatsar ruwa ta Guerlédan, wadda aka gama a 1930, sai ta datse koramar gida biyu, ciniki ya yi ta mutuwa. Hanyar dawakin kuwa ta hukuma ce, ba wanda ya isa ya shuka komai a kanta. Ita ce yau masu keke ke bi kwana da kwanaki a inuwar itatuwa.

Mafari na uku shi ne hanyoyin gona, irin namu na zuwa fadama da rafi. Faransa tana da ƙananan hukumomin ƙauye kusan 35,000, kowace tana da nata hanyoyin gona na ƙasa da tsakuwa. A 'yan shekarun nan an fito da wani keke mai faɗin taya musamman domin bin irin waɗannan hanyoyi, har an fara gasar duniya ta tseren keke a kan tsakuwa a 2022 a Italiya. Abin dariya a nan shi ne, Bature yana biyan kuɗi mai yawa domin ya sami keken da zai bi burji, alhali tsohon Ralin kakanninmu bai taɓa sanin wata hanya ba sai ita.

ABIN DA ƘAUYE YAKE SAMU

Mai mota yakan wuce ƙauye da gudu, ƙura kaɗai yake barin musu. Mai keke kuwa yakan gaji, ya ji yunwa, ya nemi ruwa da wurin kwana. Wani bincike da hukumomin Faransa suka buga a 2020 ya nuna baƙo mai yawo a keke yana kashe kimanin yuro 68 a rana, ya fi abin da sauran baƙi ke kashewa. Kuɗin kuwa yana faɗuwa ne a ƙananan hannuwa: mai gasa burodi, matar da ke sayar da cukun awaki da zuma, mai gyaran keke, manomin da ya gyara ɗaki biyu a gidansa domin baƙi. Tsofaffin tasoshin jirgi da yawa sun zama wurin cin abinci ko wurin hayar keke. Akwai ma wata alama ta ƙasa da ake ba masauki ko shago idan bai wuce kilomita 5 daga hanyar ba, in yana da wurin ajiye keke mai tsaro da kayan faci da gyara.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ƙauyukan da suka tsiyaye. A 1955 Faransa tana da gonaki wajen miliyan 2.3. A ƙidayar 2020 saura kimanin 390,000. Samari sun tafi birni, makarantu da shaguna na ƙauye sun yi ta rufewa. Hanyar keke ba ta mai da samarin gida ba, kada mu yi ƙari. Amma a ƙauyen da shago ɗaya ya rage, baƙin da ke tsayawa cikin watannin zafi suna iya zama dalilin da shagon bai rufe ba.

Wani lokaci ma amfanin ya wuce na ciniki. A garin Lannilis na Bretagne, a 1984, aka fara wata tseren keke da ke bin hanyoyin gona domin a tara wa makarantar da ke koyar da yara da harshensu na gado kuɗi. Tseren tana nan har yau, manyan 'yan tsere na duniya suna zuwa, kuma ɗan lardin da ya fi sauran 'yan lardin ƙoƙari akan ba shi ɗan alade kyauta.

KUSKUREN DA SUKA YI

To, kada mu ɗauka mutanen nan sun kasance masu hangen nesa tun farko. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙasar tana fama da ƙarancin abinci, gonaki kuma ƙanana ne a warwatse, mutum ɗaya yana da 'yan filaye goma ko fiye nan da can. Tarakta ba ta iya juyawa a ciki. Sai gwamnati ta yi amfani da wata doka ta 1941 ta shiga harhaɗa gonaki, ana musanya wa kowa filayensa su zama babba ɗaya ko biyu. Aikin ya yi ƙarfi ƙwarai daga wajen 1955 zuwa 1975, ya shafi sama da hekta miliyan 15. Katafila ta tumɓuke shingayen itatuwa, ta cike kwaruruka, ta baje tsofaffin hanyoyin gona.

Ya kamata mu san su wane ne suka goyi bayan zamanantar da noma a lokacin, gama irinmu ne. Da yawa cikin shugabannin manoma na shekarun 1960 sun taso ne cikin ƙungiyar matasa manoma ta Katolika wadda aka kafa a 1929. Mutanen kirki ne masu ibada, sun gaji da ganin iyayensu mata suna ɗebo ruwa da hannu, suna so ɗan manomi ya daina jin kunyar sana'ar ubansa. Su ne suka ƙarfafa ƙungiyoyin gama-kai na sayen tarakta tare, waɗanda har yanzu akwai wajen 10,000 a ƙasar. Sun kuwa ci nasara, Faransa ta ƙoshi har tana sayar da abinci waje. Amma cikin sauri an zubar da abin da ba a san darajarsa ba sai daga baya. Rahoton da aka yi wa ma'aikatar gona a 2023 ya ce kashi 70 cikin 100 na shingayen itatuwan ƙasar sun ɓace tun daga 1950. Inda shinge ya tafi, ruwan sama yana gudu ba mai tare shi, yana kwashe ƙasar gona. Yanzu gwamnati tana biyan jikokin waɗanda suka tumɓuke itatuwa domin su sake dasawa.

Hanyoyin gona sun fi shan wahala saboda wata kafa da ke cikin doka. Babbar hanya ta hukuma ba a iya mallakarta kome daɗewar da mutum ya yi a kai. Amma hanyar gona, dokar 1959 ta sa ta cikin kadarorin da hukumar ƙauye ke iya sayarwa, kuma ba a tilasta wa hukumar ta gyara ta ba. Bugu da ƙari, idan maƙwabci ya nome ta ko ya kewaye ta, ya riƙe shekara 30 a fili ba wanda ya yi magana, yana iya cewa tasa ce, kotu ta ba shi. Haka dubban kilomita suka salwanta, kunya ɗaya bana, kunya ɗaya baɗi. Sai a 1983 aka yi dokar da ta ce kowane lardi ya rubuta hanyoyin yawo da ke cikinsa, kuma in za a sayar da wadda aka rubuta, dole a ba da wata a madadinta domin kada tafiya ta yanke. A 2022 aka ƙara wata doka da ta ba hukumar ƙauye damar ƙidaya hanyoyinta, lissafin shekara 30 ɗin nan ya tsaya har tsawon shekara 2 yayin da ake ƙidayar.

Ku duba bambancin. Hanyar jirgi da hanyar dawaki sun tsira domin suna da mai su a rubuce, da taswira, da iyaka. Hanyar gona ta lalace domin kowa yana bi, ba wanda ya ɗauka aikinsa ne ya tsare ta. Tsayi ne amfanin hanya. Idan mutum ɗaya ya toshe taku ashirin a tsakiya, ya kashe kilomita goma.

MASU GARDAMA SUNA DA TASU HUJJA

Ba duk manoman Faransa suka yi murna da koriyar hanya ba, kuma ba don taurin kai ba. Wani tsohon dogo ya raba gonarsa biyu, ya saba ƙetarawa da shanu da tarakta yadda ya ga dama, yanzu ga baƙi da karnukansu da shararsu. Wannan kuka na gaskiya ne. Inda abin ya yi kyau, an zauna da manoma tun kafin a fara aiki, an bar musu mashigai, an sa shinge inda dabbobi ke kiwo. A 2022 an sassauta dokar domin hukumar wuri ta iya ba wasu masu abin hawa izinin bi a hankali, irin su maƙwabtan hanya.

Waɗansu kuma suna cewa jirgi suke so a maido musu, gama tsohuwa mai zuwa asibiti ba za ta hau keke kilomita 40 ba. Su ma suna da gaskiya. Amsar da aka samu a wurare da dama ita ce, kamfanin reluwe ya riƙe mallakar ƙasar, ya ba hukumar lardi riƙon amana ta yi hanyar keke. Ta haka filin yana nan a haɗe ko wata rana za a bukace shi.

Akwai kuma gardamar tsakuwa da kwalta. Tsakuwa ta fi araha da fari, dawaki sun fi jin daɗinta, ba ta kuma jawo masu gudu. Amma ruwa yana cin ta, ciyawa tana cinye gefenta, sai an riƙa gyara a kai a kai. Kwalta ta fi daɗewa, ta fi sauƙi ga mai keken guragu. Abin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi, mu ma mun san shi: ruwa ne ke kashe hanya. Tsohon dogo ya daɗe ne domin an ɗaga shi sama, an yi masa lambatu da kwalbati.

MU FA?

Ba ina cewa mu gyara hanya mu zauna jiran baƙi masu yuro ba. Halinmu dabam ne. Amma muna tsaye a daidai inda manoman Faransa suka tsaya shekaru 70 da suka wuce: jama'a tana ƙaruwa, ƙasa tana tsada, ƙungiyoyinmu suna neman tarakta, masu kuɗi daga birni suna sayen gonaki suna kewayewa da waya. Mu ma mun taɓa rufe dogo. Ƙaramin jirgin da ke kwasar kuza tsakanin Bukuru da Jos da Zariya, wanda aka gama hanyarsa a 1914, an tsai da shi a 1957. Amma abin da ya fi kusa da mu shi ne hanyar rafi, da hanyar makabarta, da turbar da yara ke bi zuwa makaranta, da burtali.

Kowa a cikinmu ya san turbar da dā amalanken shanu ke bi, yau ko mai keke da buhu sai ya sauka. Ba wani baƙo ya cinye ta ba. Mu ne, da garmarmu. Idan turba ta toshe, yara da mata masu kaya sai su koma gefen kwalta inda manyan motoci ke gudu. Idan burtali ya toshe, shanu sai su bi ta cikin gona, abin da ke biyo baya kuwa mun binne mutane saboda shi. Na san rikicin manoma da makiyaya yana da dalilai da yawa, na kuma san akwai waɗanda aka zalunta ba da laifinsu ba. Duk da haka toshe hanya yana cikin dalilan, shi ne kuma wanda ke hannunmu. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar wuraren kiwo tun 1965, Nijar kuma ta kafa tsarin dokar karkara a 1993 da kwamitocin ƙasa masu shata burtali. Doka a takarda ba ta tsare hanya sai mutanen wurin sun tsaya a kanta.

Maganar Allah ba ta bar mu cikin duhu a kan wannan ba. Kubawar Shari'a sura 19 ta hana matsar da alamar iyakar maƙwabci. Littafin Firistoci sura 19 ya umarci manomi kada ya girbe gonarsa har gefe, domin matalauci da baƙo su sami rabo. Hanya maƙwabciya ce ga kowace gona da ta bi ta gefenta, masu ita kuwa su ne gwauruwa mai ɗauke da itace, da yaro, da baƙon da ba mu san sunansa ba. Wanda ya ƙara kunya biyu daga hanya ya kawo zakkar dawar a majami'a, ya kamata ya tambayi kansa ta wa ya kawo.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA IYA YI BANA

Wannan aiki ba ya bukatar rancen banki. Da rani, kafin sharar gona, kowace ƙungiya ta sa rana ta bi hanyoyin ƙauyenta da ƙafa. A gayyaci mai unguwa da dagaci, da limami, da arɗo, da tsofaffin da suka san inda iyaka take tun dā. Kada a bar zumuntar mata a baya, gama su suka fi kowa sanin hanyar ruwa da ta itace. A auna faɗin kowace hanya, a yarda a kan abin da zai isa amalanke ya wuce da kaya. Magatakarda ya rubuta sunan hanya, da inda ta tashi, da inda ta ƙare, da gonakin da ke gefenta, kowa ya sa hannu. A ajiye takarda ɗaya wurin dagaci, ɗaya a ƙaramar hukuma, ɗaya a akwatin ƙungiya.

Da ruwa ya sauka a dasa iyaka mai rai, ko aguwa, ko cini-da-zugu, ko gamba, abin da ba a iya matsarwa da dare. A yi gayya sau ɗaya a shekara a buɗe lambatu, a ɗaga tsakiyar hanya ya yi doro domin ruwa ya gangara gefe, a zuba marmara inda ke yin taɓo. Ƙungiyar da ke da tarakta ko take haya, ta sa cikin dokokinta cewa direba ba zai taɓa hanya ba ko mai gona ya roƙe shi. Wanda zai sayar da gona kuma, a rubuta cikin takardar ciniki cewa ban da hanya.

Wanda ya riga ya ci hanya, a je masa da hankali, mutum biyu ko uku, ba a gaban taro ba. Yawancinmu muna da ɗan laifi a nan, saboda haka shugabannin ƙungiya da dattawan ekklesiya su fara ja da nasu kunyoyin baya. Mutanen Faransa sun jira har 2022 kafin su ba ƙauyukansu cikakkiyar damar ƙidaya abin da ya rage musu. Mu tsofaffinmu suna da rai, suna iya nuna mana da sanda inda hanya take. A taronku na wannan wata, ku sa maganar cikin ajanda, ku rubuto mana abin da kuka shirya.

Ubangiji ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya da maƙwabtanmu. Amin.